Verken, hverken, varken, korkje: daga ina kalmar ta fito, kuma ina korewarta take?

"Assalamu alaikum Malam. Ina koyon harshen Norwe a Bergen. A littafinmu na aji an rubuta *verken ... eller*, a jarida na ga *hverken*, a wata takarda daga hukumar lardi kuma na ga *korkje*. Ƙawata da ke Suwidin ta ce su *varken* suke cewa. Shin duk kalma ɗaya ce? Sannan na rubuta *Jeg drikker ikke verken øl eller vin*, ina nufin ba na shan giya ko ruwan inabi mai bugarwa, sai malamarmu ta soke *ikke* da jan biro. To in an cire *ikke*, ina korewar take? Ni dai ban ga wani 'a'a' a jikin kalmar ba."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abu biyu kike tambaya: ko siffofin nan huɗu tushensu ɗaya, da kuma dalilin da ya sa jimla mai *verken* take korewa ba tare da *ikke* ba. Na farko amsarsa eh, kalma ɗaya ce, ƙa'idojin rubutu da karin harshe ne suka raba mata kamanni. Na biyu, malamarki ta yi daidai da ta soke *ikke*, amma ke ma idonki bai yaudare ki ba. In aka fasa kalmar aka duba gutsattsarinta, babu ko ɗaya da asalinsa yake nufin "a'a". Daga baya korewar ta shige ta, kuma ta hanyar da mai jin Hausa zai fi saurin ganewa fiye da mai jin Turanci.

## Yadda aka ƙera ta

Harsunan Norwe, Suwidin, Denmak, Aisland da tsibiran Faro duk jikokin harshe ɗaya ne, tsohon harshen Nos, wanda 'yan Norwe ke kira *norrønt*. Shi ake yi a zamanin Baikin, mayaƙan teku na arewacin Turai, kuma mafi yawan rubuce-rubucensa da suka iso mu an yi su ne a Aisland da Norwe tsakanin ƙarni na 12 da na 14.

A wannan harshe kalmar tambaya "wanne" iri biyu ce. In abubuwa suna da yawa, *hverr* ake cewa. In guda biyu ne tak, sai a ce *hvárr*, wato wanne daga cikin biyun. Mutanen Aisland har gobe suna riƙe da wannan bambanci, *hver* da *hvor*, sauran kuwa sun bar shi ya narke. Ita *hvárr* ta gajarce ne daga *hvaðarr*, 'yar'uwar *whether* ta Turanci da *weder* ta Jamusanci.

Sai kuma wata 'yar ɗafa-ƙeya, *-gi*. In aka liƙa ta a bayan *hvárr* sai a sami *hvárgi*, ko ɗaya daga cikin biyun. Harshen yana da jinsi uku, namiji, mace, da na uku da ake ba abubuwa da zantuka, kuma siffar *hvárr* a jinsi na ukun ita ce *hvárt*. Dokar furucinsu ita ce *g* na komawa *k* in ta biyo bayan *t* ko *s*. Saboda haka *hvárt* da *-gi* suka ba da *hvártki*, baƙaƙe uku suka cunkushe a tsakiya, *t* ta faɗi, aka bar *hvárki*. Wannan ita ce kakar duk siffofin da kika gani.

Me ya sa siffar jinsi na uku ce ta rayu? Domin da farko wakilin suna ce mai nufin "ko ɗaya daga abubuwa biyun nan", sannan a lissafa su a bayanta. Kamar mu ce: bai ci ko ɗaya ba, nama ko kifi. Da aka yi ta maimaita wannan tsari, ɗan tsayawar da ake yi kafin lissafin ya ɓace, kalmar ta daina zama wakilin suna ta koma mahaɗi mai buɗe jerin abubuwan da za a kore.

Ita *-gi* ɗin nan ba a nan kaɗai take ba. Kusan duk kalmomin korewa da kike amfani da su kullum tana ɓoye a bayansu. *Ikke* daga *ekki* take, ita kuma daga *eitt* da *-gi*, abu ko ɗaya. *Ingen* daga *einn* da *-gi*, mutum ko ɗaya. *Aldri*, wadda 'yan Denmak da Suwidin ke rubutawa *aldrig*, daga *aldri* da *-gi*, inda *aldr* ke nufin zamani ko shekarun rayuwa, wato ko sau ɗaya a tsawon rai. *G* ɗin da ke ƙarshen *aldrig* ragowarta ce.

## To ina "a'a" ɗin ya tafi?

A nan Hausa za ta yi miki aiki. Dubi yadda muke gina kowa, komai, ko'ina, kowanne, koyaushe: "ko" ne a gaba, kalmar tambaya a baya. Wa, me, ina, wanne, yaushe. Kuma ma'anarsu tana juyawa da yanayin jimla. "Kowa ya zo" na nufin duk sun zo. "Ban ga kowa ba" na nufin babu mutum ko ɗaya. Kalmar kowa ba ita ke korewa ba, "ba" ɗin farko da na ƙarshe ke yi, ita ƙarfafa su kawai take.

Aikin *-gi* na asali ke nan, aikin "ko", sai dai ita a baya take zama. Dangin *-hun* ce ta harshen Got, wani tsohon harshen Turai da ya mutu, da *-cumque* ta Latin, duk masu ma'anar "ko wane ne". *Hvat* na nufin me, *hvatki* kuma komai, kuma ana samunta a tsofaffin rubuce-rubuce da ma'anar "ko mene ne" ba tare da wata korewa ba. *Hvar* na nufin ina, *hvergi* ko'ina. *Hvárki* kuwa kowanne daga biyun. Babu wata dangantaka ta jini tsakanin Hausa da waɗannan harsuna, dabarar gini ce ta zo ɗaya.

Mai korewa na gaskiya a wancan zamani wata 'yar ƙaramar kalma ce, *ne*, da ake sa wa gaban aikatau. Matsalarta ba ta da nauyi a baki, ba a danna ta wajen furuci. Tsohon harshen Nos kuwa ya shahara da zubar da gaɓoɓi marasa nauyi a farkon kalma, shi ya sa ɗafa-goshi irin *ge-* da Jamusanci ke riƙe da ita ta ɓace a can. *Ne* ta bi sahu. Kafin a zo zamanin rubuta labaran Aisland cikin zube, ta riga ta fita daga zance na yau da kullum, sai a waƙa ake cin karo da ita. Da ta tafi, kalmomin da a da suke mata rakiya su suka gaji aikinta. *Hvergi* ta tashi daga ko'ina ta koma babu ko'ina. *Hvárki* ta tashi daga kowanne ta koma babu ko ɗaya.

Kada ki ɗauka abin mamaki ne, mu ma muna bakin wannan hanya. In aka tambayi mutum "Ka gaji?" ya ce "Ko kaɗan", ya kore maganar sarai, alhali bai furta kalmar "ba" ko guda ba. Haka "ko kusa", "ko alama", "ko ɗaya". A Hausa abin ya tsaya a gajeriyar amsa, a cikakkiyar jimla dole "ba" ɗin ta dawo. A Sikandinabiya abin ya zarce har cikin cikakkiyar jimla. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru sun san irinsa a Faransanci: *personne* mutum take nufi, *pas* taku, amma a maganar titi an yar da *ne*, ana cewa *j'ai vu personne*, kuma kowa ya san ba a ga kowa ba ake nufi. *Weder* ta Jamusanci ma haka ta yi, a da tana da *ne* a goshinta. Masanin harshe ɗan Denmak, Otto Jespersen, shi ya fayyace wannan juyi a littafinsa na 1917 kan korewa, kuma a 1979 Östen Dahl na Suwidin ya raɗa wa abin suna zagayen Jespersen.

Akwai wani baiti a tsohuwar waƙar Völuspá, wadda aka adana a wani kundin Aisland na wajen 1270, da ke siffanta lokacin da ba a halicci komai ba: *vara sandr né sær né svalar unnir*, babu rairayi, ba teku, ba raƙuman ruwa masu sanyi. Baitin ya rufe da *en gras hvergi*, ciyawa kuwa babu ita ko'ina. Ki lura, *hvergi* ita kaɗai ta ɗauki korewar a wannan gaɓa, babu wani mai taya ta. Ki kuma lura da *né*, domin ita ce abokiyar tafiyar *hvárki* ta asali.

## Daga né zuwa eller

A tsohon harshen *hvárki ... né* ake cewa. *Né* mahaɗi ce mai korewa a karan kanta, ma'anarta "kuma ba", 'yar'uwar *neque* ta Latin. Aisland na nan kan haka: *hvorki kaffi né te*. Sauran sun sauya ta da kalmar "ko" ta yau da kullum, *eller* a Norwe, Denmak da Suwidin, *ella* a Faro, inda ake cewa *hvørki ... ella*. Asalin *eller* "in ba haka ba" ne, dangin *else* ta Turanci.

Sauyin bai ɓata ma'ana ba, saboda korewa in ta hau kan "ko" tana cinye ɓangarorin biyu. "Ban sha shayi ko kofi ba" ya kore duka. Tunda kalmar farko ta riga ta ɗauki korewa, ta biyun ba ta da buƙatar maimaitawa. Wannan kuma shi ya sa *Jeg drikker ikke kaffe eller te* jimla ce lafiyayya, ma'anarta kusan ɗaya da mai *verken*. Abin da *verken* ta ƙara shi ne tana sanar da mai sauraro tun farko cewa jeri na tafe, kuma kowane ɗaya a cikinsa korarre ne, ba tare da ragi ba.

Ƙa'idar "biyu tak" ma ta mutu tuntuni. Kina iya cewa *verken kaffe, te eller melk*, waƙafi tsakanin na farko da na biyu, *eller* kafin na ƙarshe, babu waƙafi a gabanta.

## Dalilin rubutu huɗu

*Hverken* rubutun Denmak ne. *N* ɗin ƙarshe ƙari ne na baya, babu shi a tsohon harshen, kuma irin wannan wutsiya tana jikin abokiyar hamayyarta, *enten ... eller*, ko wannan ko wancan, wadda ake rubutawa *antingen* a Suwidin. Norwe ta zauna ƙarƙashin sarauta ɗaya da Denmak daga 1380 zuwa 1814, kuma da harshen Denmak aka yi ta rubutu a ƙasar, don haka Bokmål, ɗaya daga salon rubutun Norwe biyu, wanda kike koyo, ya gaji *hverken* kai tsaye. Ba a furta *h* ɗin. A gyare-gyaren rubutu na ƙarni na 20 aka cire ta, *verken* ta zama ita ce a hukumance, sannan a gyaran 2005 aka dawo da *hverken* kusa da ita. Yau duka biyun daidai ne a Bokmål. Jaridu masu riƙo da tsohon salo irin su Aftenposten *hverken* suke rubutawa, littattafan makaranta sun fi yin *verken*. Shawarata ki ɗauki ta littafinki, ki tsaya a kanta. Abin da mai duba takarda ba ya so shi ne ya ga ɗaya a shafin farko, ɗaya a na biyu.

Ba za a ce gyaran ya bi tsari ba, tunda an bar *h* a *hva*, *hvem*, *hvor* da *hvit*, waɗanda su ma ba a furta ta. 'Yan Suwidin sun fi yanke abin a tsaye: a gyaran rubutu na 1906, zamanin da Fridtjuv Berg ke riƙe da ma'aikatar ilimi, aka share *h* daga duk *hv*, *hvad* ta koma *vad*, *hvarken* ta koma *varken*.

*Korkje* kuwa ta Nynorsk ce, rubutun da Ivar Aasen ya gina a ƙarni na 19 daga karin harsunan karkara, kuma hukumar lardin Vestland da Bergen ke ciki da shi take aiki, shi ya sa kika gan ta a takardarsu. A yammacin Norwe tsohuwar *hv* ba ta yi shiru ba, *kv* ko *k* ta koma: *kva*, *kven*, *kor*. Wutsiyar *-ki* kuma ta koma *-kje*, daidai yadda *ekki* ta zama *ikkje* da kike ji a bakin mutanen Bergen. In kika jera *hvárki* da *korkje* za ki ga ta fi *verken* kama da kakarsu. Nynorsk ya yarda da *verken* ma, don haka ko an ce ki yi rubutu da shi ba dole ba ne ki yi *korkje*. Fahimtarta dai ake buƙata.

Wajen furuci, nauyi a gaɓar farko yake, kuma *e* kafin *r* tana buɗewa ta koma *æ*, tsakanin a da e. *V* ɗin ba b ba ce, ba f ba ce: haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa a hankali. Akwai kuma wata *verken* dabam a Norwe, daga *verk*, ciwo ko zogi: *verken i ryggen*, ciwon nan na baya. In ba ki ga *eller* a gaba ba, to wannan ce.

## Inda take zama a jimla

Dabara mafi sauƙi: ki fara gina jimlar da *ikke*, sannan ki cire ta ki sa *verken* a gurbinta. Mafi yawan lokuta zai fito daidai. *Jeg drikker ikke øl* ta koma *Jeg drikker verken øl eller vin*. *Hun kan ikke lese* ta koma *Hun kan verken lese eller skrive*, ba ta iya karatu ko rubutu ba. *Jeg har ikke sett Per* ta koma *Jeg har verken sett Per eller Kari*. A wannan misali na ƙarshe wasu ɗalibai kan tura *verken* har bayan *sett* don ta manne da *Per*, saboda an koya musu cewa abin da ke bayan *verken* da abin da ke bayan *eller* su zama iri ɗaya. Ba laifi ba ne, amma kunnen ɗan ƙasa ya fi sabawa da ita a kujerar *ikke*.

Dabarar tana aiki har a ganga dogarau. Kin san bayan *at*, *fordi*, *hvis* da *som*, *ikke* tana tsallakowa gaban aikatau. *Verken* ma haka: *Hun sa at hun verken drikker øl eller vin*. *Jeg kommer ikke, fordi jeg verken har tid eller penger*, ba zan zo ba don ba ni da lokaci ko kuɗi. *Ikke* da ke farkon wannan jimla ta ganga ta farko ce, ba ruwanta da *verken*.

Wuri biyu dabarar ke karyewa. Na farko in masu aikin ne ake korewa, sai ta buɗe jimla: *Verken læreren eller elevene kom*, malami bai zo ba, ɗalibai ma haka. Aikatau a harsunan Norwe, Denmak da Suwidin ba ya sauya siffa don tilo ko jam'i, don haka rigimar da masu Turanci ke yi a nan ba ta taso ba.

Na biyu ya fi rikita mutane. In aikatau biyu ake korewa, kuma kowanne shi ke ɗauke da lokaci, babu mataimaki irin *kan* ko *har*, to *verken* gaban na farko take zuwa: *Han verken røyker eller drikker*, ba ya shan taba, ba ya shan giya. A Suwidin *Han varken röker eller dricker*, a Denmak *Han hverken ryger eller drikker*. Ɗalibin da aka horar cewa aikatau ne ke zama na biyu a jimla yakan ji tsoro ya rubuta *Han røyker verken eller drikker*, wanda ba harshe ba ne. Yadda za ki kalle shi: *verken røyker eller drikker* duka dunƙule ɗaya ne, kuma dunƙulen ne ke zaune a gurbi na biyu.

## Maganar ikke da jan biro

Jimlarki ta tara masu korewa biyu a jere, *ikke verken*, kuma na biyun ya wadatar. Sanadin kuskuren a fili yake. Mai Hausa ya saba korewa tana da madafa biyu, mai Faransanci kuma an koya masa *ne ... ni ... ni*, don haka hannu kan kai ga *ikke* da kansa. 

Amma kada ki mayar da abin haramun na har abada, domin za ki gan su tare a rubutun 'yan ƙasa. In an riga an gama jimla da korewa, sai aka zo fayyacewa bayan waƙafi, babu mai cewa uffan: *Ingen kom, verken Per eller Kari*. *Jeg fant det ikke, verken hjemme eller på jobben*, ban same shi ba, a gida ko a wurin aiki. Wannan ma shi ne ainihin tsohon aikinta. Haka bayan *uten*: *uten verken mat eller drikke*, ba ci ba sha, ya zama ruwan dare a Norwe, kamar yadda *uden hverken ... eller* yake a Denmak. Har *ikke* da *verken* a ganga ɗaya ana ji, musamman in akwai kalmomi tsakaninsu. Duk inda suka haɗu, korewa biyun ba sa soke juna, ma'ana tana nan korarriya. Editoci masu tsanani kan cire ɗaya. A jarrabawa ki tsaya kan ɗaya a kowace ganga, sai fa in bayan waƙafi ne.

Ƙawarki ta Suwidin tana da ƙarin aiki, domin can an raba aikin tsakanin kalmomi biyu. *Varken* tana korewa da kanta: *Jag dricker varken kaffe eller te*. In kuwa jimla ta riga ta sami *inte*, *aldrig*, *ingen* ko *utan*, sai a yi amfani da *vare sig ... eller*: *Jag vill inte ha vare sig kaffe eller te*. *Vare* tsohuwar siffar fata ce ta aikatau *vara*, zama, don haka ma'anar ita ce "ya kasance wannan ne ko wancan". Da ita ake cewa *vare sig du vill eller inte*, ko kin so ko kin ƙi. Abin sha'awa, 'yan Suwidin da yawa yanzu suna yar da *inte* suna barin *vare sig* ita kaɗai da ma'anar *varken*, masu gyaran harshe kuma suna ta ƙorafi. Abin da ya sami *hvárki* shekaru aru-aru da suka wuce shi ke samun *vare sig* a gaban idonmu. A rubutu na hukuma dai tsohuwar ƙa'idar ce ke da rinjaye.

## Tarkon da Hausa ke ɗana miki

Muna da ginin "ba kaza ba kaza", kuma sau da yawa ya yi daidai da *verken ... eller* kamar an auna. Magana ba kai ba gindi, a Norwe *verken hode eller hale*, su wutsiya suka ce. Ba yabo ba fallasa shi ne zaɓin tsakiya da za ki gani a takardun jin ra'ayi: *verken fornøyd eller misfornøyd*, *verken enig eller uenig*. Abin da bai faɗa kowane aji ba su kan ce *verken fugl eller fisk*, ba tsuntsu ba kifi, wanda ya rasa inda zai sa kansa kuma *vet verken ut eller inn*.

Amma ginin namu fuska biyu gare shi. "Yana aiki ba dare ba rana" ba ya nufin ba ya aiki, yana nufin bai ware dare daga rana ba. "Cutar ta kama mutane ba babba ba yaro" na nufin ta kama duka. A irin waɗannan, abin da muke korewa shi ne bambanci tsakanin biyun, ba su kansu ba. *Verken* ba ta san wannan ba. In kika rubuta *Han jobber verken dag eller natt*, kin ce mutumin zaman kashe wando yake. Abin da kike nema shi ne *både ... og*, ko *og* kawai: *Han jobber dag og natt*, *både store og små*. Gwajin da za ki yi: ki sa "da ... da" a gurbin "ba ... ba". In ma'ana ta tsaya, da dare da rana, da babba da yaro, to *både ... og* ne. In ta juye, *verken* ce.

Daga nan ne kuma *verken ... og* ke fitowa, garwaya gine-gine biyun. Ba a yin sa. Uku ne, kowanne da abokin tafiyarsa: *både* da *og*, *enten* da *eller*, *verken* da *eller*. Ki kuma kiyayi *ikke både ... og*, wannan na nufin ba duka biyun ba, ɗaya na iya yiwuwa. *Du kan ikke få både kaffe og te* bai hana ki shayi ba.

*Verken* ba ta tsayawa ita kaɗai a matsayin amsa, tunda ta bar aikin wakilin suna. In aka ce miki *Kaffe eller te?* amsar ita ce *Ingen av delene, takk*. In mutane ne, *ingen av dem*. A Denmak *ingen af delene*, a Suwidin akwai *ingendera* da *ingetdera*. Aisland kuwa ta riƙe wakilin sunan, *hvorugur*, da siffofinsa na jinsi uku. Abin da ya halatta shi ne *verken eller* a haɗe, ba tare da komai a tsakani ba, in aka tambaye ki ko abu ya yi kyau ko bai yi ba, ke kuma kina tsaka-tsaki.

Sai "ma". A Hausa kalma ɗaya ce ko'ina: ni ma na je, ni ma ban je ba. Can *også* ta tabbatarwa ce kawai, in akwai korewa sai *heller*: *Ikke jeg heller*, a Suwidin *inte jag heller*. Kamanninta da *eller* na ido ne, asalinta *heldr* ne, mai ma'anar "gwamma". Tana da amfani in ɓangarori biyun da kike son korewa dogaye ne, ko kowanne da nasa mai aiki da nasa aikatau, inda *verken* kan yi nauyi. A nan ki raba su gida biyu: *Han ringte ikke, og hun skrev heller ikke*, shi bai kira ba, ita ma ba ta rubuto ba. Duk abin da na faɗa na daidaitaccen rubutu ne, wanda ake auna ki da shi a aji. A baki, mutane sun fi yawan bin wannan hanya ta *ikke ... og heller ikke*, su ajiye *verken* don gajerun jeri da maganganun da suka riga suka daskare.